A Kan Sawun Sojojin 1857: Daga Meerut Zuwa Gwalior

Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni Indiya. A wata jami'a da ke wajen birnin Delhi ya yi karatu, iyayensa ba su samu zuwa ba, sai dangi suka wakilta ni. Da aka watse daga biki na ce masa kafin mu kama hanyar gida akwai wuraren da nake so ya raka ni, tunda ya ji Hindi kuma ya san kan jiragen ƙasansu. Ya ce, "Kawu, Taj Mahal ko?" Na ce masa da Meerut za mu fara. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma duk sanda na zo kan boren sojojin Indiya na 1857, a layi kaɗan nake wuce shi. Abin da ke cin raina shi ne yadda kamfanin 'yan kasuwa daga wani tsibiri mai nisa ya riƙe ƙasa mai wannan girma, da yadda ta kusa kuɓuce masa cikin 'yan watanni.

Meerut na arewa maso gabas da Delhi, tafiyar kimanin kilomita 70. Mota muka shiga da sassafe, gonakin rake dama da hagu har muka isa. Garin ya yi suna wajen ƙera almakashi da kayan wasanni, amma mu unguwar bariki muka nufa, inda har yau sojojin Indiya ke zaune. Tituna ne masu faɗi da manyan itatuwa da tsofaffin gidajen Turawa masu baranda. Akwai sassan da ba a barin farar hula ya shiga, balle baƙo, don haka muka tsaya inda aka yarda.

Sai mutum ya san wane ne sojan nan kafin ya gane abin da ya faru. Kamfanin Gabashin Indiya an kafa shi a Landan a 1600 don fatauci. Bayan yaƙin Plassey na 1757 ya zama mai karɓar haraji, mai naɗa sarki da tuɓe shi. Rundunoni uku ya tara, ta Bengal da ta Madras da ta Bombay, kuma a 1857 sojojin da suke 'yan ƙasa sun ninka Turawa fiye da sau biyar. Su suka ci wa Kamfani ƙasar Maratha, su suka ci masa Punjab a 1849. Albashin kurtu rupi 7 ne a wata. Komai daɗewarsa a aiki, komai tabon yaƙin da ke jikinsa, matsayin da zai kai bai wuce na ƙarƙashin ƙaramin hafsan Bature da ya sauko daga jirgi jiya ba. Yawancin rundunar Bengal 'yan manyan dangogin Hindu ne, Brahmin da Rajput, tare da Musulmi masu yawa musamman cikin mahaya dawaki, kuma da yawansu daga ƙasar Awadh suka fito. A 1856 Kamfani ya tuɓe sarkin Awadh ya haɗiye ƙasar. A shekarar kuma aka yi dokar da ta wajabta wa sabon soja zuwa duk inda aka tura shi, har da tsallaka teku, abin da ke zubar wa Brahmin da matsayinsa a addininsa. Ga masu wa'azin mishan suna ƙaruwa, wasu hafsoshin ma da kansu suke wa kurata wa'azi.

A kan wannan ne maganar harsashi ta faɗo. Sabuwar bindigar Enfield tana da harsashi naɗe cikin takarda mai maiƙo, sai soja ya gatsa bakin takardar da haƙori ya zuba albarushi. Tun watan Janairun 1857 labari ya bazu daga wajen Kalkata cewa maiƙon nan kitsen shanu ne da na alade. Saniya abar girmamawa ce ga Bahinde, alade kuwa ba sai na faɗa wa Musulmi ba. Ranar 29 ga Maris wani soja mai suna Mangal Pandey ya far wa hafsoshinsa a barikin Barrackpore, aka rataye shi ranar 8 ga Afrilu. A nan Meerut, ranar 24 ga Afrilu, aka fito da mahaya 90 na runduna ta 3 aka miƙa musu harsashi, 85 suka ƙi karɓa. Turawa sun ce na ranar tsohon harsashi ne da aka saba da shi, amma yarda ta riga ta ƙare.

Na tsaya daga gefen filin da ake nunawa a matsayin wurin fareti na dā, ina ƙoƙarin kawo safiyar Asabar 9 ga Mayu a zuciyata. An tara duk sojojin bariki. Na Turawa na riƙe da bindigogi ɗure, igwa na fuskantar 'yan ƙasa. Aka karanta wa mutum 85 ɗin nan hukuncin kotun soja, yawancinsu shekara 10 da aiki mai tsanani. Aka tuɓe musu kaki a bainar jama'a, aka cire musu takalma, maƙera suka zo suna buga musu mari a ƙafa ɗaya bayan ɗaya, abokan aikinsu na tsaye suna kallo. Cikinsu akwai dattawan da suka yi wa Kamfani yaƙe-yaƙe. A ganina wannan safiyar ta fi harsashin nauyi. Soja na iya jure yunwa da ƙarancin albashi shekara da shekaru, amma wulaƙanta dattijonsa a gabansa wani abu ne daban. Washegari Lahadi da yamma, Turawa na shirin zuwa coci, mahayan suka fasa kurkuku suka fito da 'yan'uwansu. Rundunonin ƙasa biyu suka bi su, mutanen kasuwa da na ƙauyuka suka shigo ciki. Aka cinna wa gidaje wuta, aka kashe Turawa tsakanin 40 da 50, har da mata da yara.

Cocin St John, inda Turawan za su je ibada a yammacin nan, tana nan da farin fentinta, da maƙabarta kusa da ita. Ba nisa kuma akwai wurin bautar Hindu na Augharnath, wanda mutanen gari ke kira da sunan rundunar baƙaƙen sojoji, don nan kurata ke zuwa ibada da shan ruwan rijiya. Wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa ya ba mu labarin da suka gada, ɗan yayata na fassara mini: wai mai kula da wurin ya riƙa hana ruwa ga duk sojan da ya yarda ya gatsa harsashin. Muka leƙa ɗan gidan tarihin gwagwarmaya da ke kusa da hasumiyar tunawa da waɗanda suka mutu, sannan muka juyo Delhi ta hanyar da mahayan suka bi cikin dare.

Sun iso bakin kogin Yamuna da safiyar Litinin 11 ga Mayu, ana tsakiyar azumin Ramadan. Suka tsallake gadar kwale-kwale suka tsaya ƙarƙashin tagogin fada suna kiran sarki. Bahadur Shah Zafar ya haura shekara 80 a lokacin. Jikan jikokin Akbar da Shah Jahan ne, manyan sarakunan gidan Mughal, amma ikonsa bai wuce ganuwar fadarsa ba, kuma da fanshon Kamfani yake ci. Mawaƙi ne na Urdu, gwanin rubutun hannu, mai son zama da malamai da sufaye. Abin lura shi ne sojojin da yawancinsu Hindu ne ba su nufi wani wuri ba sai ƙofar wannan tsohon sarki Musulmi, domin a idon mutanen arewacin Indiya har lokacin sunan gidan Mughal shi ne halaccin mulki. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya amince suka ɗauki sunansa.

Mun shiga Jar Fada, wadda suke kira Lal Qila, ta ƙofar Lahori, inda Firayim Ministan Indiya ke ɗaga tuta duk ranar 15 ga Agusta. Kogin ya janye daga jikin ganuwa, babban titi ne yanzu a wurin. A ciki abin da ya fara ɗaukar idona dogayen gine-ginen bariki ne masu hawa-hawa, tsaye a tsakiyar farin marmara kamar an dasa su da gayya. Turawa ne suka gina su bayan sun rushe mafi yawan fadar. A ɗaya daga cikinsu aka buɗe gidan tarihin 1857 a 2019. A harabar fadar nan, ranar 16 ga Mayu, aka kashe fursunoni kimanin 50, Turawa da Kiristocin gari, yawancinsu mata da yara, sarki ya kasa hanawa. Wannan jini shi aka ɗora masa a wuya daga baya. Amma akwai abin da ya yi wanda ya kamata a riƙa faɗa. Da Babbar Sallah ta zo a farkon Agusta, Turawa na sa ran rikici zai ɓarke tsakanin Musulmi da Hindu a kan yankan shanu. Sarki ya hana yanka saniya a birnin, aka yi layya da tumaki da awaki, aka wuce lafiya.

Abin da ya rasa shi ne kuɗi da shugabanci guda. Rundunoni na ta kwararowa daga garuruwa, kowace da shugabanta, babu albashi, babu isasshen abinci, 'ya'yan sarki da aka ba jagoranci ba su taɓa ganin yaƙi ba. Bakht Khan, tsohon sojan igwa da ya zo da rundunar Bareilly a farkon Yuli, ya yi ƙoƙarin sa tsari, amma kishi tsakanin manya ya ci ƙarfinsa.

Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Kashmere Gate muka hau a-daidaita-sahu zuwa tudun da ke arewa da tsohon birni. A kan wannan tudu Turawa suka kafa sansani daga 8 ga Yuni har tsakiyar Satumba. Yanzu kurmi ne mai birai da masu motsa jiki. A can ƙarshensa akwai jar hasumiya da Turawa suka gina a 1863 don tunawa da mutanensu. Na zagaya ta a hankali ina karanta allunan da ke jikinta, kuma a nan na samu amsar tambayar da ta kawo ni. Sunayen hafsoshin Turawa na nan ɗaya bayan ɗaya. Sai jerin rundunonin da suka ci Delhi, da adadin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni, an raba gida biyu, Turawa da 'yan ƙasa. Ga Gurkha, wato sojojin Nepal, na bataliyar Sirmoor, ga 'yan Sikh, ga rundunonin Punjab, ga rundunar Guides da ta taso daga Mardan kusa da iyakar Afganistan ta yi tafiyar fiye da kilomita 900 cikin kimanin sati uku a tsakiyar bazara. Mafi yawan waɗanda suka fasa Delhi ba Turawa ba ne. Shekara takwas kacal kafin nan sojojin Bengal ne suka taya Kamfani murƙushe 'yan Sikh, yanzu kuma aka ɗauko 'yan Sikh aka murƙushe sojojin Bengal. Da ɗan gari kan ci gari. A 1972 gwamnatin Indiya ta ƙara wani allo a gindin hasumiyar, mai bayanin cewa waɗanda rubutun Turawa ya kira abokan gaba su ne mutanen da suka tashi neman 'yancin ƙasarsu. Allon bai kawo sunan ko mutum ɗaya ba.

Ranar 14 ga Satumba aka fasa ƙofar Kashmir da albarushi. Har yau tabon igwa na jikin tubalinta, motoci na wucewa ta gefe. An yi kwana shida ana gwabzawa lungu-lungu, jagoran harin John Nicholson ya samu raunin da ya kashe shi, birnin ya faɗi ranar 20 ga wata. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa ni a duk tafiyar. Aka kori mazauna birnin zuwa daji da kufai. Aka kafa wuraren rataya a Chandni Chowk. A unguwar Kucha Chelan aka kwashe maza aka harbe, cikinsu har da malamin Farisanci Imam Bakhsh Sahbai. An kashe Maulvi Muhammad Baqir, mai jaridar Urdu ta Delhi. An bar Hindu sun dawo gidajensu da wuri, Musulmi kuwa sai da suka daɗe a waje.

Ranar Juma'a muka yi sallah a babban masallacin da Shah Jahan ya gama ginawa a 1656. Lungunan da ke kai mutum can sun tuna mini da cikin kasuwar Kurmi, matsatsi da ƙanshin turare da kiran 'yan tireda. Ina zaune a sahu cikin dubban mutane, na tuna cewa an taɓa mayar da wannan harabar masaukin soja, an yi shekara biyar ba a kira sallah a cikinta ba sai 1862. Wasu Turawan ma sun ba da shawarar a rushe shi. Masallacin Akbarabadi an rushe shi ɗin. Na Fatehpuri gwanjonsa aka yi, wani attajirin Hindu mai suna Lala Chunnamal ya saya, sai 1877 ya koma hannun Musulmi.

Sarki ya fake a hubbaren kakansa Humayun, can wani hafsan Turawa, William Hodson, ya je ya karɓe shi bisa alkawarin ba za a kashe shi ba. Washegari Hodson ya koma ya ɗauko 'ya'yan sarkin biyu, Mirza Mughal da Mirza Khizr Sultan, da jikansa Mirza Abu Bakr. A hanya ya sauke su daga keken shanu, ya sa suka tuɓe riguna, ya harbe su da hannunsa. Ƙofar da abin ya faru kusa da ita, Khooni Darwaza, tana tsakiyar wani babban titi da yanzu ke ɗauke da sunan Bahadur Shah Zafar. An yi wa tsohon shari'a a cikin fadarsa a farkon 1858, Kamfanin da a takarda yake ƙarƙashinsa ya tuhume shi da cin amana. Aka kai shi Rangun a ƙasar Bama, ya rasu ranar 7 ga Nuwamba 1862, aka binne shi ba tare da alama ba. Wurin da ya tanadar wa kansa a Mehrauli, kusa da hubbaren waliyyi Qutbuddin Bakhtiyar Kaki, yana nan ba kowa ciki.

Jirgin safe muka bi zuwa Lucknow, babban birnin Awadh, tafiyar wajen awa shida da rabi, ana kawo shayi da karin kumallo har kujera. A Awadh boren ya wuce na soja, ya zama na ƙasa gaba ɗaya. Da aka tuɓe Wajid Ali Shah aka kai shi Kalkata, dubban fadawa da dakaru da masu sana'a sun rasa abin yi, manyan masu ƙasa kuma sabon tsarin haraji ya ƙwace musu garuruwa. Da wuta ta kama, manomi ya bi ubangidansa, ubangida ya bi fada. Wadda ta riƙe fadar kuwa mace ce, Begum Hazrat Mahal, ɗaya daga cikin matan sarkin, wadda ba ta bi shi gudun hijira ba. Ta sa aka naɗa ƙaramin ɗanta Birjis Qadr, ta riƙa tafiyar da mulki da sunansa. A gefe kuma ga Maulvi Ahmadullah Shah na Faizabad, malamin da Turawa da kansu suka yaba wa iya yaƙinsa.

Gidan Razdan na Lucknow an bar shi yadda yaƙi ya bar shi. Jan tubali ne ba rufi, bango duk ramukan harsashi da na igwa, ciyawa shar a tsakani, samari da 'yan mata na zaune a inuwa. Mutum kimanin 3,000 'yan bore suka tsare a nan daga ƙarshen Yuni, sojoji da mata da yara da barori. Babban jami'insu Henry Lawrence ya mutu tun 4 ga Yuli. Muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda matan sojoji da 'ya'yansu suka yi watanni cikin zafi da kwalara, na ji tausayinsu ƙwarai, don yaro bai san Kamfani ba. Janar-janar na Turawa, Havelock da Outram, sun kutso da rundunar ceto ranar 25 ga Satumba, su ma aka rufe da su, sai a Nuwamba Colin Campbell ya kwashe mutanen. Kusa da ƙofar Baillie, inda wuta ta fi zafi, akwai ginshiƙin tunawa da sojoji 'yan ƙasa da suka tsaya tare da Turawa. Sun kai ɗaruruwa, kuma tsakaninsu da 'yan'uwansu na waje bai wuce a yi magana a ji ba. Ana kiransu su fito, suka ƙi. Ba don su ba da gidan bai kai Satumba ba. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, to waɗannan maciya amana ne ko masu riƙon amana?" Na ce masa sun ci gishirin Kamfani sun yi rantsuwa, na waje kuma an taɓa musu addini da ƙasa, kowannensu yana ganin shi ne bai saɓa alkawari ba. Har yanzu tambayar tana damuna, domin na tsaya ne a gefen na waje, amma na kasa zagin na ciki.

Sikandar Bagh lambu ne mai katanga da Wajid Ali Shah ya gina, yanzu yana cikin harabar wata cibiyar binciken tsirrai. Ranar 16 ga Nuwamba 1857 sojojin Campbell, 'yan Sikotlan da 'yan Punjab, suka fasa katangar suka rutsa da 'yan bore kimanin 2,000 a ciki. Kusan ba wanda ya fita. Bayan 'yan watanni mai ɗaukar hoto Felice Beato ya ɗauki harabar da ƙasusuwa warwatse a ƙasa. Babu kabari, babu jerin suna. A bakin titi akwai mutum-mutumin Uda Devi, macen da aka ce ta hau bishiya tana harbin Turawa har aka harbo ta. Lucknow ta faɗi a Maris 1858. Begum ta ja da baya tana yaƙi, da Sarauniya Victoria ta fitar da sanarwar afuwa ta mayar mata da martani a rubuce, tana tambayar dalilin da ya sa ba za a mayar wa mutane ƙasarsu ba in da gaske adalci ake nufi. Ta ƙi fansho, ta tsallaka Nepal, ta rasu a Kathmandu a 1879.

Kanpur ba ta da nisa, garin masana'antun fata ne a bakin kogin Ganga. Ban ji daɗin wunin da muka yi a can ba, kuma bai kamata a ji ba. Nana Sahib, ɗan riƙon Peshwa na ƙarshe (wato shugaban daular Maratha), wanda Kamfani ya hana fanshon ubansa, shi ya jagoranci boren garin. Bayan sati uku na tsarewa, Janar Wheeler ya miƙa wuya bisa alkawarin za a bar su su tafi Allahabad ta ruwa. Ranar 27 ga Yuni, suna shiga jirage a mashigar Satichaura, harbi ya tashi. Masana na saɓani kan wanda ya fara, amma kusan duk mazan sun mutu. Mata da yara kimanin 200 aka tsare a wani gida da ake kira Bibighar, ranar 15 ga Yuli aka kashe su aka zuba a rijiya. Sojojin da aka fara umarta sun ƙi, sai da aka nemo mahauta. Wannan ta'asa ce, babu wani zalunci na Kamfani da zai wanke ta. Sai dai tun kafin ta faru, a watan Yuni, hafsan Turawa James Neill ya riga ya fara ƙone ƙauyuka da rataye mutane a kan itatuwa a yankin Banaras da Allahabad. Da ya iso Kanpur ya riƙa tilasta wa waɗanda aka kama su lashi jinin da ke daɓen gidan kafin a rataye su. A wurare da dama an ɗaure mutane a bakin igwa an tashe su, don Musulmi ya rasa gawar da za a yi wa sutura, Bahinde ya rasa wadda za a ƙona. Sunayen matattun Turawa na rubuce a bangon cocin tunawa da ke bariki. Wurin rijiyar kuwa yanzu lambun shaƙatawa ne mai sunan Nana Rao.

Daga nan muka gangara kudu zuwa Jhansi, ƙasa ta sauya ta zama duwatsu da ƙaya. Tashar jirgin garin ma sunan sarauniyarsu Lakshmibai take ɗauke da shi yanzu. Mijinta ya rasu a 1853 ya bar ɗan riƙo, Gwamna Dalhousie ya ce ɗan riƙo ba ya gadon sarauta, ya haɗiye ƙasar, kamar yadda ya yi wa Satara da Nagpur. Ganuwar na kan dutse, daga samanta ana ganin gari duka. Janar Hugh Rose ya kewaye ta a Maris 1858 ya fasa a farkon Afrilu, aka yi kisa mai yawa a garin. Masu yi wa baƙi jagora suna nuna wani wuri mai tsawo da suka ce daga nan ta diro a kan doki da yaron goye a bayanta. Ta haɗu da Tatya Tope, jagoran yaƙin Nana Sahib, suka nufi Gwalior, sojojin sarkin garin suka koma bayansu, shi kuwa sarki Scindia ya gudu Agra wajen Turawa. A tsakiyar watan Yuni aka kashe ta a fagen fama cikin shigar mahaya, ba ta wuce shekara 30 ba. Tatya Tope ya yi ta zillewa har Afrilun 1859, wani abokinsa ya bashe shi aka rataye shi.

A Gwalior muka ga wurin da aka ƙona gawarta, dandamali ne da mutum-mutumin doki. Tafiya kaɗan daga nan sai ga fadar Jai Vilas, wadda Scindia ya gina a 1874 bayan Turawa sun mayar da shi kan karaga, da fitilun ƙarau masu nauyin tan-tan. Fadar nan ita ce darasin da Ingila ta ɗauka daga 1857. An rushe mulkin Kamfani a 1858, ƙasar ta koma hannun Sarauniya kai tsaye. Aka daina haɗiye masarautu, aka yarda ɗan riƙo ya yi gado, aka bar sarakuna kan gadonsu da Razdan a gefe. Aka ƙara yawan sojojin Turawa, aka ƙwace igwa daga hannun 'yan ƙasa, aka koma ɗibar soja daga Punjab da Nepal.

A jirgin komawa Delhi na tambayi ɗan yayata ko ya san inda aka haifi Gwamna Lugga. Ya ce Ingila mana. Na ce masa a Madras ne, cikin Janairun 1858, ana tsakiyar wannan yaƙi, ubansa limamin coci ne na sojoji, kuma shi kansa a Indiya ya fara aikin soja. Tsarin barin sarki a kan gado da Razdan a gefensa da ya shimfiɗa mana, ya ga irinsa a can tun yana saurayi. Rundunar da ya tura ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 kuwa, Turawan cikinta ba su kai 50 ba. Sauran kimanin 700 baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu Hausa ce harshensu.